Algus a Dandalin Sada Ma'aikata na Intanet: Laifin Wa?

1.0 Gabatarwa

Kowace kasuwa da irin algus ɗinta. A kasuwar hatsi akan shimfiɗa tsaba mai kyau a bakin buhu, a bar tsakuwa da ƙaiƙayi a ƙasa. A kasuwar gwari akan jera manyan tumatir a saman kwando, a ɓoye ƙanana da ruɓaɓɓu a ciki. Wani ma'auni yakan lotsa gindin mudunsa, sai mai saye ya ga an cika masa har da tozo, alhali an tauye shi. Duk waɗannan dabaru sun yi tarayya a abu guda, wato mai saye da idonsa ya duba, da bakinsa ya ce ya saya, amma abin da ya gani daban, abin da ya kai gida daban.

Intanet ma kasuwa ce, kuma tana da nata algus ɗin. Wanda ya fi yawa a cikinta yana ɓoye ne a yadda ake tsara fuskar shafi: girman maɓalli da launinsa, kalmomin da aka rubuta a kansa, da zaɓin da aka riga aka yi wa mutum tun kafin ya iso. Wannan muƙala ta dubi irin wannan algus a dandalin da ma'aikata da ƙwararru da masu neman aiki ke haɗuwa, musamman LinkedIn. Ra'ayin da take karewa shi ne, yardar da aka samu ta hanyar dabara ba yarda ba ce, kuma alhakin abin da ya biyo baya yana wuyan wanda ya tsara shafin kafin ya hau wuyan wanda ya danna maɓallin.

2.0 Mene ne Algus ɗin Fuskar Shafi?

A shekarar 2010 wani masanin tsara shafukan intanet ɗan ƙasar Ingila, Harry Brignull, ya laƙaba wa waɗannan dabaru suna, wanda ma'anarsa a Hausa ta yi kusa da "baƙaƙen dabaru". Ya kuma buɗe shafi na musamman yana tattara misalansu. Abin da yake nufi shi ne duk wani tsari da aka yi da gangan domin a sa mutum ya aikata abin da bai yi niyya ba, kamar sayen wani abu, ko miƙa bayanansa, ko shiga wani tsari na biyan kuɗi.

Ya kamata a bambanta wannan da rashin iya aiki. Shafin da ya rikice saboda mai tsara shi bai ƙware ba yana cutar da mai shi da baƙonsa baki ɗaya. Shafin da aka yi wa algus kuwa, gwani ne ya tsara shi, kuma duk kuskuren da baƙo zai yi, riba ce ga mai shafin. Wannan ita ce alamar da ake gane shi da ita: a duba inda kuskuren yake kai mutum. Idan kullum tuntuɓen yana jefa baƙo cikin aljihun kamfani ne, to, da gangan aka ajiye dutsen a kan hanya.

Abin ba ƙarami ba ne. A shekarar 2019 masu bincike a Jami'ar Princeton ta Amurka sun bi shafukan saye da sayarwa kimanin 11,000, suka samu misalai 1,818 na irin waɗannan dabaru. Kusan shafi ɗaya cikin kowane tara yana ɗauke da aƙalla guda.

3.0 Shari'ar Wasiƙun Gayyata

An buɗe LinkedIn a watan Mayu na shekarar 2003. Reid Hoffman da abokansa ne suka kafa shi a jihar Kalifoniya, domin ya zama wurin da ma'aikaci zai baje iliminsa da gogewarsa, ya kuma ƙulla hulɗa da abokan sana'a. Darajar irin wannan dandali tana ga yawan mutanen da ke cikinsa, don haka babu abin da kamfanin yake buƙata kamar sababbin masu rajista. Hanya mafi arha ta samunsu kuwa ita ce ta kundin adireshin waɗanda suka riga suka shiga.

Ga yadda abin yake gudana a wancan lokaci. Sabon mai rajista yakan iske shafi yana neman ya haɗa akwatin imel ɗinsa da dandalin domin a taimaka masa ya gano mutanen da ya sani. Maɓallin amincewa babba ne mai launi, wurin tsallakewa kuwa ɗan ƙaramin rubutu ne a gefe. Da zarar ya amince, sai a kwashe adireshin mutanen da ke cikin akwatin, a jero masa sunayensu, kowane suna an riga an sa masa alamar zaɓi. Danni ɗaya ya isa a aika wa ɗaruruwan mutane gayyata da sunansa. Wanda bai amsa ba kuma, sai a sake aika masa tuni har sau biyu, duk da sunan mutumin da bai san ana yi ba.

A shekarar 2013 wasu masu amfani da dandalin suka shigar da ƙara a wata kotun tarayya da ke arewacin Kalifoniya. A 2014 mai shari'a Lucy Koh ta yi wani bambanci mai muhimmanci. Ta ce masu ƙarar sun amince da wasiƙar farko, tunda an nuna musu za a aika ta, amma ba su amince da wasiƙun tuni biyun da suka biyo baya ba. Ta kuma lura cewa waɗannan wasiƙu suna iya zubar da ƙimar mutum a idon abokan hulɗarsa, su ɗauke shi mai naci wanda ba ya gane an ƙi shi. A 2015 kamfanin ya yarda ya biya dala miliyan 13 domin a sasanta, ba tare da ya amsa laifi ba, ya kuma yi alƙawarin bayyana wa mutane batun wasiƙun tunin da ba su damar dakatar da su.

Shekara ɗaya bayan haka, a 2016, Microsoft ya sayi LinkedIn a kan dala biliyan 26.2. Idan aka auna kuɗin sasantawar da wannan farashi, bai wuce kashi ɗaya cikin dubu biyu ba. A ƙarshen 2023 kamfanin ya sanar da cewa masu rajista a dandalin sun kai biliyan ɗaya. Duk ɗan kasuwar da ya dubi waɗannan alƙaluma zai iya fahimtar cewa algus ya biya kuɗin sabulu. Wannan darasi shi ne babban haɗarin da ke cikin labarin.

4.0 Wasu Salon Dabarun

Bayan wasiƙun gayyata, akwai dabarar yi wa mutum zaɓi a bayan idonsa. A watan Satumba na 2024 aka gano cewa LinkedIn ya ƙara wani makunni a cikin saituna, wanda ke ba kamfanin damar amfani da bayanan mutum da rubuce-rubucensa wajen horar da ƙirƙirarriyar basira. A kunne makunnin ya zo, sai wanda ya ji labari ne zai shiga ya kashe. A lokacin ba a sa mazauna Tarayyar Turai da Suwizalan a cikin tsarin ba, kuma an dakatar da shi a Birtaniya bayan hukumar kare bayanai ta ƙasar ta nuna damuwa. Sai a watan Nuwamba na 2025 aka faɗaɗa shi zuwa can, bayan an sanar da mutane makonni kafin lokacin. Inda doka ke da haƙora, kamfani yakan yi sallama kafin ya shiga.

Akwai kuma taɓa bayanan wanda bai ma shiga dandalin ba. Wani rahoto da hukumar kare bayanai ta ƙasar Ayalan ta fitar a 2018 ya nuna cewa LinkedIn ya yi amfani da adireshin imel na mutane kimanin miliyan 18 waɗanda ba su da rajista da shi, domin ya aika musu talla a Facebook. A watan Oktoba na 2024 wannan hukuma ta ci kamfanin tarar yuro miliyan 310 a kan yadda yake nazarin ɗabi'un mutane domin talla. Daga cikin dalilanta akwai cewa yardar da aka karɓa daga mutane ba a bisa cikakken sani da zaɓin rai aka ba da ita ba. Kamfanin dai ya ce yana ganin bai saɓa doka ba.

Dabara ta uku ita ce tsokanar zuciya. Saƙo yakan zo wa mutum cewa wasu sun duba bayanansa, amma ba zai ga cikakken jerin sunayensu ba sai ya shiga tsarin biyan kuɗi. Ga wanda ya shekara biyu yana yawo da takardunsa, wannan saƙo yana nufin wataƙila wani mai ɗaukar aiki ne ya leƙo. Da wannan fata ake jan sa.

Malaman manyan makarantu ma ba su tsira ba, domin su ma suna da nasu dandalin. ResearchGate, wanda aka kafa a 2008 yake kuma da mazauni a birnin Balin na Jamus, ya sha suka saboda aika gayyata kai tsaye ga abokan rubutun mutum, a rubuce kamar shi ne ya aiko. Kamfanin ya ce ya daina hakan a 2016. Academia.edu kuwa kamfani ne na neman riba, duk da cewa ƙarshen adireshinsa irin na jami'o'in Amurka ne, domin an yi wa adireshin rajista tun kafin a tsaurara ƙa'idar ba da shi a 2001. Ya shahara da aika wa malamai saƙon cewa an ambaci sunansu a wasu muƙalu, sai sun biya kafin su ga inda aka ambace su. Sau da yawa wanda aka ambata ɗin wani ne daban mai suna irin nasu. Malamin da ƙarin girmansa ya rataya a kan rubuce-rubucensa, da wuya ya kawar da kai daga irin wannan saƙo.

5.0 Dalilin da Ya Sa Cutar Ta Fi Tsanani a Nan

Algus a shagon tufafi na intanet asarar kuɗi yake jawowa, kuma kuɗi ana mayar da su. A dandalin ma'aikata abin da ake wasa da shi suna ne da mutunci. Kundin adireshin mutum ya ƙunshi shugabansa na wurin aiki, da malaminsa, da surukinsa, da wanda suka yi baram-baram da shi shekara goma da suka wuce, har da wanda ya riga mu gidan gaskiya wanda iyalinsa ke duba akwatinsa. Kowannensu akwai irin lafazin da ya dace a yi masa magana da shi, akwai kuma wanda bai kamata a tuntuɓa ba sam. Na'ura ba ta san wannan ba. Wasiƙa iri ɗaya take aika wa kowa har sau uku, kunyar kuwa mai sunan ne zai sha ta.

Na biyu, mai neman aiki ba shi da cikakken zaɓi. Wanda bai ji daɗin wani shago ba yana iya tsallakawa na gaba. Amma idan kamfanoni da ƙungiyoyin ƙasa da ƙasa a dandali guda suke tallata guraben aiki, to ficewa daga cikinsa daidai yake da rufe wa kai ƙofa. Mabuƙaci ba ya jayayya da sharaɗi, kuma dabarar da aka ɗana wa mabuƙaci ta fi kowace muni.

Na uku, tsarin shafi yana da tasiri a kan abincin mutane. A 2022 mujallar Science ta buga sakamakon gwaje-gwajen da LinkedIn ya yi a kan mutane fiye da miliyan 20 tsakanin 2015 da 2019. An riƙa sauya irin mutanen da ake nuna wa kowane rukuni domin ƙulla hulɗa: wasu aka fi nuna musu na kusa da su, wasu kuma waɗanda sani na nesa ne ya haɗa su. An gano cewa hulɗa da na nesa kaɗan ta fi kai mutum ga sabon aiki. Binciken yana da amfani ga ilimi, amma ba a tambayi kowane mutum ko ya yarda a yi gwajin da shi ba. Kamfanin ya ce sharuɗɗan da mutane suka amince da su sun ba shi wannan dama. Ko ma dai yaya ne, gwajin ya tabbatar da cewa ɗan sauyi kaɗan a abin da ake nuna wa mutum a allo yana iya sauya inda zai ci abinci. Wanda ke riƙe da irin wannan iko bai kamata ya ce shi ɗan kallo ba ne.

6.0 Hujjojin Masu Kare Kamfanoni

Hujja ta farko ita ce, ai babu wanda aka kama hannunsa, kowa da kansa ya danna. Gaskiya ne, sai dai wanda ya sayi buhun da aka ɓoye wa tsakuwa shi ma da kansa ya biya, kuma babu mai hankalin da zai wanke mai hatsin saboda haka. Bugu da ƙari, kokawar ba ta tsara ba ce. Kamfani yakan gwada fasali biyu na maɓalli ɗaya a kan dubban mutane, ya riƙe wanda aka fi dannawa, ya sake gwadawa gobe. A ɗaya gefen kuwa mutum ɗaya ne riƙe da ƙaramar waya, yana sauri kada datarsa ta ƙare, yana karanta Turanci ko Faransanci wanda ba harshen uwarsa ba ne. Cewa ya kamata ya lura, tamkar a tura yaro dambe da basamude ne sannan a zarge shi da faɗuwa.

Hujja ta biyu ita ce, dandalin kyauta ne, dole ya nemi kuɗin shiga, kuma Bahaushe ma ya ce banza ba ta kai zomo kasuwa. Wannan magana tana da ƙarfi, kuma babu mai ja da cewa LinkedIn ya sada mutane da yawa da ayyukan da ba za su taɓa jin labarinsu ba. Neman riba halal ne. Abin da ake ƙi shi ne ɓoye farashi. Idan kuɗin shiga dandali shi ne kundin adireshina, a faɗa mini haka ƙarara, in ga ko zan iya biya.

Hujja ta uku ita ce, kowane ɗan kasuwa yana yi wa hajarsa kwalliya, ina iyakar talla, ina mafarin yaudara? Akwai ma'auni mai sauƙi. Mai talla ba ya jin nauyin a bayyana dabararsa, domin ko an ce ya goge tumatirinsa don su yi sheƙi, ciniki ba zai ɓaci ba. Mai algus kuwa, da zarar an faɗi abin da ya yi, ciniki ya watse. Da an rubuta a kan maɓallin nan cewa za a aika wa duk mutanen da ke cikin akwatinka wasiƙa sau uku da sunanka, mutum nawa ne za su danna? Dabarar da ba ta aiki sai a ɓoye, ita ce yaudara.

7.0 Abin da Ya Kamata a Yi

Mataki na farko na hukuma ne, kuma wasu ƙasashe sun fara. Dokar ayyukan intanet da Tarayyar Turai ta kafa a 2022 ta hana dandali tsara shafinsa ta yadda zai yaudari mai amfani da shi, kuma a 2023 aka sa LinkedIn cikin manyan dandalin da ake sa wa ido na musamman. Indiya ta fitar da ƙa'idoji a 2023 masu lissafa nau'i 13 na waɗannan dabaru. A Amurka, kamfanin Amazon ya yarda a 2025 ya biya dala biliyan 2.5 bayan hukumar kula da kasuwanci ta zarge shi da shigar da mutane tsarin biyan kuɗi ta hanyar dabara da wahalar da su wajen fita. Irin wannan tara ce take sa kamfani ya sake lissafi.

Nijeriya ma tana da abin kamawa. Dokar kare bayanai ta 2023 ta bayyana cewa shirun mutum ba yarda ba ne, kuma akwatin da aka riga aka sa wa alamar zaɓi ba ya zama amincewa. A 2024 hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta ci kamfanin Meta tarar dala miliyan 220 a kan yadda yake sarrafa bayanan 'yan ƙasa. Abin da ya rage shi ne hukumomin su riƙa duba fuskar shafin kanta, domin a nan ake ɗana tarkon. Dogon rubutun sharuɗɗa da ke can ƙasa, wanda kusan babu mai karanta shi, ba ya nuna abin da mutum ya gani lokacin da ya danna.

Mataki na biyu na masu tsara shafuka ne, cikinsu har da matasanmu da ke koyon wannan sana'a. Su riƙe ƙa'idoji uku: "a'a" ta yi girman "i" a kan allo, fita ta yi sauƙin shiga, kuma kada a yi magana da sunan mutum sai ya ga abin da za a faɗa da wanda za a faɗa wa.

Mataki na uku na malamai ne. Darasin fahimtar karatu bai kamata ya tsaya ga labari da waƙa ba, domin rubutun da ɗalibi ya fi karantawa a yau shi ne na fuskar wayarsa. Malamin harshe shi ya fi kowa cancantar koya wa ɗalibi ya tsaya a kan kalma ya tambaya: idan na danna "ci gaba", me zai ci gaba? Wa zai amfana? Ina aka ɓoye ƙofar fita? Haka kuma ya dace a nuna wa ɗalibai yadda za su ƙi ba manhaja izinin shiga kundin lambobinsu, da yadda za su riƙa leƙa saituna lokaci zuwa lokaci, da rubuta ranar da gwajin kyauta zai ƙare kafin su miƙa lambar katin banki. Rigakafi ya fi magani, ko da yake rigakafin ba ya sauke alhaki daga kan wanda ya haƙa ramin.

8.0 Kammalawa

An ga yadda girman maɓalli, da alamar zaɓin da aka riga aka sa, da makunnin da ya zo a kunne, suke iya sa mutum ya ba da abin da bai yi niyya ba. An kuma ga cewa a dandalin ma'aikata abin da ake bayarwar ya haɗa da suna da mutunci da hanyar abinci. Al'ummarmu ta daɗe da sanin cewa ciniki amana ne, shi ya sa take da sarkin kasuwa da masu duba mudu, ba ta bar mai saye shi kaɗai da wayonsa ba. Wannan hukunci bai tsufa ba don kawai kasuwar ta koma cikin waya. Ɗalibin da zai kammala karatu ya shiga neman aiki yana da haƙƙin a gaya masa gaskiyar abin da kowane maɓalli zai yi kafin ya taɓa shi. Wajibi ne hukuma ta tilasta hakan, mai tsara shafi ya kiyaye shi, malami kuma ya koya wa ɗalibansa su neme shi.